Zangon da Na Zaɓa a Jigawar Kanya

Cikin dukan rangadin da na yi a aikin daji, wanda bai taɓa barin raina ba shi ne na ranar da Sarkin Daji ya kira ni ofishinsa a Haɗeja ya ce in je in nemo wa Bature masauki. Zamanin En'e ne, mulkin kai bai zo ba tukuna, ni kuwa ƙaramin malamin daji ne, ban daɗe da fara sa kaki ba.

Ku da kuka tarar da aikin nan ana yin sa da mota, bari in yi muku bayani. A lokacin, idan za a yanke gandun daji, wato wurin da hukuma za ta killace ta hana sara da noma da zama, Baturen daji ne yake zuwa da kansa ya bi iyaka. Inda akwai bariki, can yake sauka. Cikin fadama kuwa babu bariki, sai tanti. Shi ya sa akan tura malami ɗaya ya yi gaba ya zaɓi zango. Ana son tudu, kada raɓa da laima su lalata kaya. Ana son inuwa. Ruwa ya kasance kusa, amma ba gab da baki ba, saboda sauro da tsando. Sai ciyawar dawaki, da filin da 'yan alaro masu ɗaukar kaya za su kwanta. Abin da ba a faɗa a ofis, amma kowa ya sani, shi ne duk inda Bature ya sauka ya ga itatuwa masu kyau, da wuya wurin ya tsira daga shiga gandu.

Sarkin Daji ya ce, "Malam Garba, kai ɗan fadama ne. Ka bi ta Auyo ka gangara, ka samo mana wuri."

Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Kaka ce, ruwa ya fara janyewa. Wurin farko da na duba tudu ne mai kyau, amma ba ko itace ɗaya. Na biyu kurmin goruba ne, da na sa ƙafa sai ta nutse. Wani kuma Fulani sun riga ni da shanunsu. Ina ta zagaye, alhali na san wurin da ya cika dukan sharaɗi, guje masa kawai nake yi. Jigawar Kanya ce, ƙauyen da aka haife ni. Ina yaro ambaliya ta yi ta cinye mana gonaki shekara bayan shekara, har manya suka gaji, muka tashi muka koma wajen Auyo. Tun daga ranar ban sake taka wurin ba.

Da zaɓi ya ƙare mini, na juya kan doki can. Tun daga nesa na gane kanyar bakin gari. Gidaje sun zama tsibi-tsibin ƙasa, sabara ta fito a tsakar gidanmu, amma tsamiyar da muke wasa a gindinta tana nan, ta ƙara faɗi. Na sauka na tsaya inda ɗakin mahaifiyata yake. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba, sai na ji ƙarar tsintsiya.

Gwaggo Hansatu ce, yayar mahaifina. Ashe duk kaka takan roƙi wani masunci maƙwabcinta ya ɗauko ta a kwalekwale in zai zo su, ta yini tana tsintar tsamiya, ta share filin ɗakinta, da yamma ya mayar da ita. A gida kuwa ba ta da zance sai na ranar da za mu koma. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta kirana da sunana.

Ta ɗaga kai ta ce, "Babana? Me ya kawo ka da kayan Turawa?"

Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata komai. Na ce, "Gwaggo, babu wurin da ya kai nan. Amma in na kawo su, Bature zai ga itatuwan nan, zai sa su cikin gandu. In kuwa aka sa, babu mai sake kafa ɗaki a nan har abada. Gara in kai su wancan tudun marar inuwa, in sha faɗa."

Ta juya kwandon tsamiya ta ce, "Suna da yawa?"

"Da yawa. Akwai 'yan alaro, da kuku, da masu dawaki."

"Za su hura wuta?"

"Za su hura."

"Akwai mai kiran salla a cikinsu?"

Na ce ba a rasawa.

Ta ce, "To, ka kawo su."

Na ce, "Gwaggo, ba ke ce kullum kike cewa za mu dawo ba?"

Ta ce, "Ina faɗa ne don bakina ya saba. Wa zai dawo, Babana? Waɗanda muka taso tare sun ƙare. 'Ya'yanku Auyo suka sani. Ni dai kafin ƙasa ta rufe idona ina so in ga hayaƙi ya tashi a garin nan."

Na koma Haɗeja na faɗa wa Sarkin Daji na sami zango, kuma ban ɓoye masa cewa kufanmu ne ba. Ya dube ni ya ce, "Akwai maƙabarta?" Na ce akwai, ta gabas. Ya ce, "A kewaye ta da ƙaya kafin kowa ya iso. Kada doki ya taka, kada a haƙa rami kusa."

Ranar da ayari ya iso, Gwaggo ta riga mu zuwa. Aka kafa tantin Bature a gindin kanya, aka ɗaure dawaki, 'yan alaro suka watsu suna neman wurin shimfiɗa. Sai ta fara bin su. Ta ce wa wani, "Kai, ɗan nan, a zauren Malam Sale ka shimfiɗa tabarmarka. Mutum ne mai son baƙi, ka yi dace." Ta ce wa kuku, "Nan madafar Iya Ladi ce, ka sa murhunka can gefe, iska ba ta bugawa." Da farko dariya suke yi. Kafin la'asar sun ɗauka. Sai ka ji wani ya ce, "A kai ruwa gidan Sale," wani ya amsa daga gidan Maƙeri. Sunayen da na yi shekaru ban ji ba suka riƙa yawo a bakin mutanen da ba su taɓa ganin masu su ba.

Da magariba wani ɗan alaro mutumin Kafin Hausa ya hau tsibin da ya kasance masallacinmu ya kira salla. Hayaƙi ya kwanta a kan itatuwa, ga ƙamshin kifi, ga haniniyar dawaki, ga garken tsuntsayen kirinjijiya na wucewa zuwa fadama. Na waiga na ga Gwaggo zaune a gindin tsamiya, ta rufe ido, leɓenta na motsi. Masuncin ya zo ɗaukarta ta ce ya tafi. Ta zauna tare da mu har aka gama aiki, a wata 'yar rumfa da 'yan alaro suka yi mata daidai inda ɗakinta yake.

Bature ya tambaye ni ko wace ce tsohuwar. Na gaya masa. Ya ce za a bar wa mutanenmu tsintar 'ya'yan itace, kuma ba za a taɓa kaburbura ba, amma zama babu. Layin iyaka ya bi ta yammacin gari, Jigawar Kanya ta faɗa ciki. Da hannuna na taya tara tsibin ƙasa na farko da ya zama alamar iyaka.

Da safiyar ranar da aka tashi, an naɗe tanti, ayari ya yi gaba, ta ce in jira. Muka tsaya ni da ita muna kallon murhu har hayaƙin ƙarshe ya mutu. Sannan ta ɗauki kwandonta ta ce, "Mu je, Babana." A daminar da ta biyo Allah ya yi mata rasuwa. Na yi shekaru ina kewaya gandun nan a bakin aiki, nakan tsaya in yi wa mutanenmu addu'a, amma ban sake kwana a wurin ba. Sau da yawa nakan so in ji ko da tari ne na mutum daga cikin sabarar.

Abin da na koya shi ne wannan. A ofis za a koya muku tudu da inuwa da nisan ruwa, kuma duk gaskiya ne. Amma a ƙasar nan, in ka ga wuri ya haɗa su duka, to wasu sun riga ka ganinsa, sun haifu a nan, sun binne nasu a nan. Kafin ka kafa turken tanti, ka nemi wanda ya rage a cikinsu ka gaishe shi, ka tambaye shi a gidan wa za ka kwana.