Ranar da Mahaƙin Rijiya Ya Hana a Ɗaga Ni

Akwai wata safiya a Damagaram, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai, wadda ba na zaton tsufa ma zai iya goge ta daga raina. A lokacin ina magatakarda a biro, wato ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ina kuma fama da wata lalura da ba wanda ya san sunanta: in na miƙe da sauri, sai idona ya yi duhu in faɗi. Suman ba ya daɗewa. Gajiyar da ke biyo bayansa ita ce azabar, domin nakan wuni alƙalami yana yi mini nauyi kamar galma.

Shef ɗinmu, wato shugaban biron, ya yanke wa kansa hukunci cewa giya nake sha, ni da ban taɓa ko sansana ta ba! Ya gargaɗe ni a gaban jama'a cewa in ya ƙara ganina a kife bisa tebur, takardar kora zai rubuta.

Da yake rubuta abin da ya auku shi ne sana'ata, na sayi kaye, wato littafin rubutu, na shiga rubuta kowane suma: lokacinsa, abin da na ci, abin da nake yi. Na lura ban taɓa faɗuwa a zaune ba, kuma abin ya fi yawa da bazara. Abu guda ya ɗaure mini kai. In na faɗi a gidana cikin Birni, kafin azahar na warware, amma in a biro ne, sai gajiyar ta kai ni washegari. Me ya bambanta su?

A wannan safiya kwamanda, Baturen da ke mulkin yankin, ya shigo ba sanarwa. Dokar biro ita ce a miƙe nan take. Na miƙe, na faɗi. Abokan aikina, don a ganinsu abin kunya ne ma'aikaci ya kwanta a ƙasa gaban talakawa, suka kama hammatata suka tsayar da ni, kamar yadda suka saba. Duhun ya dawo. Can nesa na ji muryar wani tsoho, mahaƙin rijiya daga Gidimuni, wanda ya zo rubuta haihuwar jikansa.

"Kai, ku sake shi! Za ku kashe bawan Allah da ladabi!"

"Baba, nan biro ne, ba bakin tafki ba," in ji shef.

"Na ji, Mushe," in ji tsohon, yana kiransa da laƙabin girmamawa na Faransanci. "Amma jini bai yi karatun lakwal ba, bai san biro ba."

Ya shimfiɗe ni, ya ɗora ƙafafuna bisa benci, ya ce a kawo ruwa da ɗan gishiri. Ya ce haka suke yi wa wanda aka zaro daga rijiya da jiri. Shef ya ambaci giya, tsohon ya ce, "Ga bakinsa nan, sunkuyo ka sansana." Bai sunkuyo ba.

Ina kwance ina kallon rufi amsar ta zo mini. A gida ba mai ɗaga ni. Maiɗakina fifita kawai take yi mini har in dawo. A biro kuwa girmamawa ce ke ninka mini wahala. Na yunƙura zan tashi, tsohon ya dafe ƙirjina.

"Ɗana, rijiya in an kwashe ruwanta ba a matsa mata. Barinta ake yi ta tara."

Daga kwancen na roƙi a miƙa wa kwamanda kayen nan. Ya daɗe yana juya shafuka, sannan ya ba da umurni kada in ƙara miƙewa don kowa, in kuma na faɗi a bar ni kwance awa guda. Shef bai taɓa ba ni haƙuri ba, kuma ban ɓoye cewa hakan ya yi mini ciwo ba.

Sai bayan shekaru wani likita ya bayyana mini cewa jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya da gudun jini, ba da saninmu ba, su ne ke jinkiri a jikina. Tun daga ranar nan na koyi hutawa ba tare da jin kunya ba, na kuma koyi cewa kafin ka ɗaga wanda ya faɗi, ka fara sanin abin da ya kayar da shi.