Gaisuwar da Ba a Amsa Ba

Zuwa ga edita, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Da gangan na fara da gaisuwa, domin a kanta labarina yake. A lokacin da zan ba da labarinsa ni budurwa ce 'yar wani ƙauyen Hausawa da ke kusa da Hajj Abdalla, a kudancin jihar Jazira ta ƙasar Sudan. Babana yana noman auduga da dawa a hawasharsa, wato gonar da manomi ke riƙe da ita a bakin magudanan ruwa, ni kuwa na gama karatun kwamfuta a Wad Madani na dawo gida ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Ina da tsohuwar kwamfuta wadda batirinta ba ya riƙe wuta, ina da kaifin baki a cikin gida da sanyin baki a waje, sannan ina ganin na fi ƙarfin ƙauyenmu. Allah ya yafe mini wannan na ƙarshen.

Cikin wannan zaman jira na ci karo da wata manhaja ta koya wa yara karatu a waya, wadda ke aiki ko babu shabaka, kamar yadda muke kiran sadarwar waya a nan. Abin da ya ja hankalina shi ne ba ta kamfani ba ce. Irin manhajar nan ce da ake barin rubutunta a buɗe, kowa ya duba, kowa ya gyara, kowa ya ɗauka kyauta. 'Yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban suke gina ta, suna haɗuwa a wani dandali na intanet suna magana da Turanci. In ka ga matsala ka rubuta gyaranka ka aika, sai ɗaya daga cikin manyan masu kula da aikin ya duba, ya karɓa ko ya mayar maka. Na lura manhajar tana mutuwa a kan tsofaffin wayoyi irin waɗanda suka cika ƙauyenmu. Na zauna ƙarƙashin rumfar tsakar gida na yi ta fama har na gano dalili, na rubuta gyara. Ban taɓa jin daɗin kaina irin na ranar ba.

To, a gidanmu ba a shiga magana ba tare da gaisuwa ba. Inna, mahaifiyata, ko gishiri ta aike ka karɓowa a maƙwabta, in ka dawo sai ta tambaye ka ko ka gaishe su, sannan ta tambaya ko sun amsa. Tambaya ta biyun ta fi nauyi a wurinta, domin a ganinta gidan da ba a amsa maka gaisuwa ba, ba gidan komawa ba ne. Da wannan tarbiyya na buɗe saƙona na farko a dandalin. Na yi musu sallama, na tambayi yadda suka kwana, na tambayi iyali da yara da gajiya da aiki, na gaya musu ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Hajj Abdalla a Sudan, na yi musu godiya a kan wahalar da suke sha saboda yaran da ba su sani ba. Sai can ƙasa na kawo maganar gyaran. A raina na yi abin da duk 'yar mutunci za ta yi idan ta shiga zauren manya.

Wanda ya duba aikin wani babba ne a cikinsu, mutumin wata ƙasa mai sanyi, wanda tun daga ranar na laƙaba masa suna Mai-gadi a zuciyata. Ya rubuta cewa gyaran ya yi, ya karɓa, amma nan wurin aiki ne ba wurin biki ba, kuma babu mai lokacin karanta tarihin ƙauyen kowa kafin ya iso ga abin da ya kawo shi. A fili ya rubuta, inda kowa ke gani. Kafin la'asar 'yan hotunan fuskokin dariya irin na waya sun taru a ƙarƙashin maganarsa. Wani ya ɗora da cewa daga yau in manhaja ta ƙi tashi a fara tambayarta lafiyar iyali. Na ji kamar an tuɓe mini mayafi a tsakiyar kasuwa. Ina zaune gaban kwamfutar Inna ta zo wucewa da tukunyar jabana, kofin nan namu da ake dafawa da citta, ta tambaye ni ko na gaishe da mutanen aikin nawa. Na ce na gaishe su. Ta ce sun amsa? Na ce mata sun amsa. Ta yi murmushi ta ce ashe mutanen kirki ne.

Abin da ya fi ciwo shi ne maganar ba ta mutu ba. Ta zama abin wasan dandalin. Duk lokacin da wani abu ya lalace sai wani ya ce a gaishe shi tukuna, har sababbin shiga da ba su san mafarin zancen ba suna maimaitawa don a ga su ma 'yan gida ne. Dandalin yana da rubutattun ƙa'idojin zama da juna, har da mutanen da aka ware don karɓar koke a asirce. Na karanta su sau da yawa, amma na kasa rubuta ko kalma ɗaya. An raine ni a kan cewa ba a kai ƙarar babba, kuma mai kara tana haɗiye abin da ya dame ta. Na ɗauka shiruna zai sa su gane sun ɓata mini, kamar yadda ake ganewa a gida. Su kuwa ba su ga fuskata ba, ba su ji muryata ba. Shirun nawa suka ɗauka yarda ce. Sau ɗaya ma ni da kaina na sa fuskar dariya a ƙarƙashin wasan, don kada a ce ban san raha ba, na rufe kwamfutar na shiga ɗaki na yi kuka.

Daga nan na koyi rubuta saƙo busasshe, babu sallama babu sai an jima. Ana karɓar gyare-gyarena, har ana yaba mini, amma kullum in zan buɗe dandalin sai gabana ya faɗi. Bushewar kuma ta biyo ni har cikin gida. Wata safiya ina tsakiyar aiki Inna ta tsaya a kaina tana jero gaisuwarta, ta tambayi kwana, ta tambayi sauro, ta tambayi ciwon kan da na yi jiya. Ban ɗago ba na ce mata don Allah ta faɗi abin da ya kawo ta, wannan doguwar gaisuwa ɓata lokaci ce, shi ya sa duniya ta wuce mu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye mini kofin jabana a gefe ta ce babu abin da ya kawo ta, ni ta zo gani. Ta juya ta tafi. Maganar Mai-gadi ce na ɗauko sukutum na jefa wa matar da ta haife ni, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Bayan wannan ban daɗe ba na daina shiga dandalin. Ban yi wa kowa sallama ba, na dai ɓace. Na gaya wa kaina wannan sana'a ba ta irina ba ce.

Sai yaƙi ya iso Jazira. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk wanda ya gani ya sani. Mun bar hawasha da auduga a tsaye, muka bi motoci da ƙafa har muka isa garin Rusairis wurin ƙanen Inna. Watanni muka yi babu shabaka sai jefi-jefi. Wata rana da hantsi na hau wani tudu kusa da kogi inda mutane ke taruwa da wayoyinsu, na buɗe akwatin saƙonnina ina neman labarin 'yan'uwan da muka rabu da su a hanya. Sai na tarar da saƙonni daga Mai-gadi, a jere, wata bayan wata.

Na farkon gajere ne, yana tambaya ko ina raye. Ya ce ya ga labarin yaƙin, ya tuna na taɓa ambatar garinmu, ya koma ya nemo saƙona na farko don ya ga sunan, ya duba taswira ya ga inda yake. Na biyun shi ne ya karya mini zuciya. Ya ce da ya sake karanta saƙon nan ya ga tambayoyi na yi masa, shi kuwa bai amsa ko ɗaya ba. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yadda na jero su. Ya ce bai kwana lafiya ba tun da ya ga taswirar. Ya ce iyali babu, shi kaɗai yake zaune, kuma ya yi shekaru babu wanda ya tambaye shi yadda ya kwana, shi ya sa ranar bai san abin da zai yi da tambayar ba sai ya mayar da ita abin dariya. Ya ce wannan ba uzuri ba ne. Sannan ya juyo da tambayoyin kaina: yaya na kwana, yaya mutanen gida, yaya yara, yaya gajiya. Babu maganar manhaja ko ɗaya a ciki. Na tsuguna a kan tudun nan ina hawaye, wata mata da ban sani ba ta dafa ni tana ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka aiko mini.

Da na koma masaukinmu na fassara wa Inna saƙon gaba ɗaya, na kuma gaya mata gaskiyar abin da ya faru tun farko, har da ƙaryar da na yi mata. Na roƙe ta gafara a kan maganar safiyar nan. Ta ce ita ta manta, ai ciwo ne ya yi magana ba ni ba. Abin da ya dame ta daban ne. Ta ce miskin, abin tausayi, mutum shi kwana shi tashi babu mai ce mishi ina kwana? Ta ce in amsa masa yadda ya kamata, tunda kuma ba shi da iyali in tambaye shi maƙwabta.

Na amsa masa, kuma a karon farko na faɗi duk abin da na haɗiye: dariyar, wasan da ya ƙi mutuwa, da dalilin tafiyata. Ya ce wallahi ya ɗauka ni ma ina jin daɗin wasan, tunda ya ga na sa fuskar dariya. Ya nemi izinina ya kai maganar gaban sauran. A fili ya ba ni haƙuri, a wurin da ya kunyata ni. Suka hana wasan, suka ƙara a cikin bayanin da ake ba sababbin shiga cewa akwai ƙasashen da gaisuwa take cikin aiki, wanda ke sauri ya wuce zuwa ƙasa, amma kada ya yi ba'a. Ba kowa ya ji daɗin haka ba, wani ma ya ce an cika shagwaɓa. Ni ma na rage tsawon gaisuwata, na gane mai duba saƙonni da yawa a rana yana da nasa haƙƙin. Amma ban sake cire ta ba.

Abin da nake so in gaya wa masu riƙe da irin wannan dandali shi ne, wanda ya aiko muku saƙonsa na farko baƙo ne a ƙofarku, kuma da abin da aka koya masa a gida ya zo. Ku gyara masa aikinsa yadda kuke so, in akwai abin da za ku ce a kan ɗabi'arsa ku ja shi gefe. Dariyar da kuka manta kafin magariba, wani zai iya barin sana'arsa saboda ita. Ku kuma 'yan'uwana, musamman mata, kada ku yi irin shiruna. Kara tana aiki ne a inda ake ganin fuskarki. A bayan gilashin waya babu mai gane kin ji ciwo sai kin faɗa, kuma faɗar ba rashin kunya ba ce. Da na yi magana tun farko, da ban ɗauki ciwon na kai wa Inna ba.

Yanzu na koma aikin, da wayar hannu da kwamfutar aro, duk lokacin da shabaka ta yarda. Muna nan Rusairis muna jiran ranar komawa gida. Inna ba ta san abin da nake gyarawa ba, ba ta kuma damu ta sani ba. In ta ga na ɗago daga aiki sai ta tambaye ni ko na gaishe su. In ce na gaishe su. Ta ce sun amsa? In ce mata sun amsa, Inna, kuma yanzu ina iya kallon idonta in faɗa.