Ka Gani, Ko An Gaya Maka?

Ranar Laraba, tara ga watan jiya, bayan la'asar, Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa. Mun rasa shugaban ɗakin kula da injuna na masana'antarmu ta taki, wanda kowa ke kira Baba Ka-gani.

Baba, kai ka jawo wa kanka sunan nan. Duk wanda ya shigo da rahoto, ko da gudu ya zo, sai ka juya kujerarka a hankali ka tambaye shi: ka gani, ko an gaya maka, ko zato kake? Mun sha yi maka tsiya a bayan ido. Amma a ɗakin da allo ke cike da lambobi, ƙararrawa ke kuka kamar kaji sun ga shaho, tambayar ce ke raba mana tsaki da tsakuwa.

Akwai ranar da har yau nake juya ta a raina. Ma'auni biyu na tukunyar tururi ɗaya suka saɓa, wannan ya ce lafiya lau, wancan ya ce ta kusa fashewa, ga mutanenmu a ƙarƙashinta. Na zuba maka ido in ga wanne za ka gaskata. Ba ka gaskata ko ɗaya ba. Ka tsayar da aiki gaba ɗaya, manaja ya sauko a fusace yana neman dalili.

"Ranka ya daɗe, ban sani ba," ka ce. "Shi ya sa na tsayar."

Ashe lafiyar tukunyar ƙalau, ma'aunin ne ya lalace. Ka sha faɗa son rai, ka koma kan shayinka. Na so in tambaye ka inda namiji mai furfura ke samun ƙarfin cewa bai sani ba a gaban na ƙasa da shi. Kullum ina cewa sai gobe. Yanzu ni aka ɗora a kujerarka, kuma tsoro nake ji, domin ranar saɓanin ma'auni za ta sake zuwa, idanu kuma a kaina za su tsaya.

A wurin gaisuwa matarka ta ba mu dariya, wai ko likita bai tsira ba, sai da ka tambaye shi ko ya ga ciwon ko zato yake.

Babbar 'yarka ce ta bugo mini waya ranar da ka cika, ta sanar da ni rasuwarka. Kafin in yi salati, sai na ji bakina yana cewa, "Kin gani, ko an gaya miki?"

Ta ce, "Na gani, kawu. Hannunsa na cikin nawa."

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙurin rashi. Idan aka tambaye mu halinka, ba gaya mana aka yi ba. Mun gani.