Karofin da Na Binne da Hannuna

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, amma ranar da katafila ta rufta a kufan bayan garinmu ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Zamanin kuɗin mai ne, ko'ina ana yanka hanya. Ni ne helman leburori a aikin wadda za ta taso daga Wudil ta bi ta garinmu, wajen Achika. Sai injiniya ya ce doka ce, kafin a sa katafila sai ma'aikacin gidan adana kayan tarihi ya duba, kada a tattake abin da magabata suka bari. Na tsorata, don na san a kufan nan akwai tsohon karofi, rijiyoyin da kakanninmu ke rini, ciyawa ta rufe su. Na ce in ya gani, shi ke nan, an karkatar da hanyar zuwa wani gari, mu ci gaba da ɗaukar marasa lafiya a kan jaki. Sai na sa aka shimfiɗa itace da kara a bakin rijiyoyin, muka zuba ƙasa, muka watsa taki kamar gona.

Da ma'aikacin ya zo da igiyar awonsa, ya tambaye ni, "Helma, babu wani tsohon abu a nan?"

Na ce, "Malam, tun da aka haife ni gero kaɗai na sani a nan."

Ya yarda, ya sa hannu, ya tafi.

Ranar da katafila ta hau wurin, ƙasa ta burma, gabanta ya nutse. Direban ya diro yana salati, Allah ya tsare bai karye ba. Ƙanin kakana, tsohon marini, ya dogaro sanda ya zo, ya ɗebi ƙasar mai shuɗi-shuɗi ya sunsuna. Ya ce, "Kai, ɗan nan, a wannan rijiyar kakanka ya rina rigar da aka sa maka suna da ita. Ita ka lulluɓe da taki?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Aka sake kiran ma'aikacin, na faɗa masa gaskiya a gaban jama'a. Ya girgiza kai ya ce, "Haba Helma, wa ya ce maka hanya nake ƙwacewa? Aikina in auna, in zana, a kauce." Ya zauna da tsohon a gindin tsamiya yana rubuta tarihin wurin. Aka matsar da hanyar 'yan taku kaɗan, ta bi ta garinmu dai. Rijiya uku sun rushe, alhakinsu na wuyana. Sauran suna nan, malamai na kawo ɗalibai su gani.

Tun ranar, in tsoro ya raya mini in ɓoye abu, sai in fara tambaya tukuna. Da na buɗe baki na tambaya, da ba a rasa ko ɗaya ba.