Bukkar da Awaki Suka Cinye

Ana sallame sallar asuba na bar Dogon Dutsi, idona cike da barci. Matata Hadiza na da ciki, ta kafe sai zabuwar daji, ta gida warin akurki take mata. Ni kuma da bakina na ce wannan ai abu ne mai sauƙi.

Matankari

Taksin daji na shiga, mu da buhunan gero da tunkiya guda. A shingen jandarma aka tambaye ni inda za ni, na ce farauta. Jandarman ya dubi takalmina mai sheƙi, ya miƙo min katina yana dariya. Abin ya ƙona min rai.

Dogon Kiriya

Da la'asar na sauka gidan Kawu Arzika, ƙanen mahaifiyata, tsohon maharbi. Muka ci tuwo da miyar kuka, ya ɗaura jaki a amalanke, muka nufi gindin wani dutse mai tafki a ƙasansa. Ya watsa ƙasa sama don ya ga inda iska ta nufa, sannan ya nuna min wani lungu tsakanin duwatsu biyu.

“Nan za ka yi bukka. Ka saro ƙaya da busasshen icce. Zabi na da ido, ɗana.”

Ya tafi duba sawu. Ƙaya ta soke ni sau ɗaya, na ce ba da ni ba. Ga harawar jaki a amalanke, mai laushi, mai ƙamshi. Na kafa sanduna na lulluɓe su da ita. Kafin Kawu ya dawo magariba ta rufa, bai lura ba.

Gindin dutse

Gari na wayewa muka shige cikin bukkar, Kawu da bindigarsa. Can sai ga zabi suna gangarowa a jere. Har na fara jin ƙamshin romo.

Sai na ji ana jan bango ta bayana. Akuya ce. Kafin na ce kai, garke guda ya kewaye mu, kowace da rabonta a baki. Zabi suka tashi fir. Aka bar mu tsugune a fili, kamar masu kashi.

Makiyayiyar, wata dattijuwa, ta leƙo.

“Sannunku. Ɗakinku na muka ci?”

Kawu ya shinshina abin da ya rage.

“Harawa? Ɗan nema, mi ya kai ka gina ɗaki da abincin dabba?”

Har muka koma gida, da jakin kawai Kawu yake magana.

Komawa

A kasuwar Matankari na sayi zabuwar gida, aka fige ta tas. Na isa Dogon Dutsi da azahar, na gode Allah da ya maido ni lafiya. Hadiza ta dafa, ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali.

“Malam, wagga ko ƙofar gari ba ta taɓa hita ba.”

Ta ja kwanon gabanta, ta cinye, ko ƙashi ba ta miƙo min ba.