Turaren da Na Sayar da Sunan Mahaifiyata

Ni ɗan Fezzan ne, a nan Maiduguri. Ba zan faɗi sunana ba, don ba abin alfahari a cikinsa. Mahaifiyata, Ya Falmata, wadda muke kira Ya, turaren wuta da humra take haɗawa, kuma da wannan sana'a ta riƙe mu, ni da ƙanwata Yagana, bayan rasuwar babanmu. In za a kai amarya a unguwarmu ba a sayi turarenta ba, sai ka ji mata suna gulmar an yi rowa.

Tun ina ƙarami ni ke daka mata kajiji, in hura mata garwashi. Tana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Ba ta taɓa miƙa wa mai saye kwalba sai ta zura cokali har ƙasa, ta ɗebo na gindin, ta zuba a kasko an ji ƙamshinsa. Nakan ce ɓarnar kaya ce. Ita kuma takan ce mai saye amana ya ba ka, ba hancinsa kaɗai ya kawo ba. A lokacin, wallahi, surutun tsofaffi na ɗauke shi.

Da na zama saurayi sai ta fara aikena kai kaya gidaje, har GRA. A nan idona ya buɗe, ko in ce ya rufe. Na ga yara sa'annina da manyan wayoyi, ni kuwa silifas ɗina ɗinki ne a kan ɗinki. Na fara rage kaɗan daga kowace kwalba ina tarawa. Da na ga ba wanda ya gane, sai na koma samo garin katako, in soya shi da sukari, in fesa masa turaren banza, in rufe saman da nata mai kyau. Ko'ina na je sai in ce na Ya Falmata ne, kuma ba mai buɗewa ya duba, don sunanta ya wadatar.

Ranar da wata mata ta dawo da kwalba tana faɗa, Ya ta ba ta haƙuri, ta canza mata. Bayan ta tafi ta zaunar da ni, ta ce ta san hannuna ne, in ji tsoron Allah in daina. Na rantse mata na daina, har da hawaye. Ƙarya nake yi. Ɗaki na kama a unguwar Moduganari na ci gaba, har na shiga haɗa humra, abin da ban iya ba. Mutumin Ibo da nake sayen sinadari a shagonsa ya gargaɗe ni cewa ruwan da nake zubawa a humrar ba na shafawa a jiki ba ne. Na ce masa ya ba ni kayana ya bar wa'azi.

Wata amarya ce ta shafa. Wuyanta da ƙirjinta suka saluɓe kamar an watsa mata ruwan zafi, aka kwantar da ita a asibiti ana saura kwanaki kaɗan biki. 'Yan sanda suka kama ni, suka kira Ya, tunda da sunanta aka sayar. Ina tsugune a ƙasa ina yi mata alama da ido. Abin da nake so shi ne ta ce nata ne, kuskure aka samu, don na san tsohuwa ce, za a iya sasantawa a gida. Ta buɗe kwalbar humrar ta shinshina.

"Ba nawa ba ne," in ji ta. "Aikin ɗana ne. Na hana shi bai hanu ba."

Aka yanke min hukunci, aka kai ni gidan yari. Yunwa, kuɗin cizo, zafin Maiduguri a ɗaki cike da mutane, duk na sha. Amma abin da ya fi cina shi ne haushinta. A raina ita ta ɗaure ni. Duk ranar ziyara sai ta zo da abinci, gandiroba ya kira ni, in ce a gaya mata ba ni da uwa. Abincin kuwa ina karɓa in cinye. Ku ji rashin kunya.

Zuwanta na ƙarshe, gandiroban ya dawo ya ce tsohuwar nan fa da kyar take tsayuwa, in fito ko gaisuwa ce mu yi. Na juya masa baya. Ba a daɗe ba Yagana ta aiko cewa Ya ta rasu. Ban yi mata salla ba, ban ɗauki makararta ba. Maƙwabta ne suka yi abin da ya kamata ɗanta ya yi.

Da na fito na wuce gidan Yagana. Ta ba ni ruwa, ba ta kalle ni ba. Na ce abu ɗaya na zo tambaya, ko Ya ta yafe min kafin ta cika. Ta ce tun a ofishin 'yan sanda ta yafe, kuma bayan an ɗaure ni ba ta ƙara haɗa turare ba, sai zaryar asibiti tana jinyar amaryar nan. Na tambaye ta to me Ya ta zo gaya min a zuwan ƙarshe.

"Yaya, gafararka ta je nema," in ji Yagana. "Ta ce ba ta iya yin ƙarya, amma ta san ta ɓata maka rai, ba ta so ta mutu kana fushi da ita. Har la'asar tana zaune a bakin ƙofar gidan yari tana jiranka."

Na tuba. Yanzu dako nake yi a kasuwa, kuma na je na durƙusa gaban yarinyar da na cuta. Amma samari, ku ji ni da kyau. Kada ku raina ƙaramar cuta, da cokali ɗaya na fara. Wanda uwarsa ke raye, in ta faɗa masa gaskiya mai ɗaci ya haɗiye, in ta kira ya amsa tun tana iya ji. Ni kullum sai na je maƙabarta na ce mata na yafe, ita ma ta yafe min, amma ba mai amsawa.