Rekiya da Rigar Bargo

Rekiya ta zo Abuja daga Lokoja a shekarar 2004, lokacin da ko'ina ka waiga gini ne ke tashi. Ta zo da takardar difloma, ta kama ɗaki kusa da nawa a Mpape, ta sami aiki a wani masaukin baƙi a Jabi. Manajan wurin, Alhaji Wakili, ya ce ta fara da gyaran ɗakuna, da zarar an sami gurbi a teburin karɓar baƙi, nata ne. Teburin nan kawai take so a duniya, ta zauna a kujera da shigarta mai kyau, baƙo ya gaishe ta kamar mutum.

Ni dai a ganina basirarta ce ta cuce ta. Baƙin wurin ma'aikatan gwamnati ne masu zuwa taro, su ƙure esi, na'urar sanyaya ɗaki, sannan su yi ƙorafin sanyi. Alhaji ya sayo barguna masu kauri da ba sa bushewa da damina, sai wari. Rekiya, da ba a tambaye ta ba, ta ce a nemi marasa nauyi. Ya ɗauke ta zuwa kasuwa. Ta dinga ɗaga bargo da hannu ɗaya tana jin nauyinsa, tana matsa audugar ta ga ko za ta taso, ta ƙi duk wanda ba a ɗinke shi gida-gida ba, don kada audugar ta dunƙule waje guda. Ƙorafi ya ƙare.

Sai maganar saka bargo a rigarsa, wato jakar yadin da ake zura shi a ciki. Sauran ma'aikata su bibbiyu suke kamawa, suna haki. Ita kuwa takan juya rigar ciki waje, ta zura hannuwa har kusurwa, ta cafki kusurwar bargon, ta girgiza sau biyu, shi ke nan. Ɗaki ashirin da huɗu take gamawa kafin azahar. Alhaji har baƙi yake ba labarinta, kamar mai nuna sabuwar mota.

Shekara shida tana wannan. Da ta ji mai teburin za ta bar aiki, sai ta shiga koya wa Monica, abokiyar aikinta, don a sami mai maye gurbinta. Monica kuwa hannunta ya ƙi, kullum sai bargon ya tattare a ƙasan riga.

Ranar da aka raba aiki, Monica aka ba teburin. Rekiya ta je ofis, ta tuna wa Alhaji alkawarinsa.

Ya ce, "Rekiya, waya kowa zai iya ɗauka. In na ɗaga ki, wa zai yi mini ɗakunan? Monica ba ta iya komai ba."

Da yamma ta shigo wurina, ta zauna bakin katifa, ko takalmi ba ta cire ba. Na ji haushi ƙwarai, na ce ta fara ɓata aikin ita ma, ta ga ko ba za a matsar da ita ba. Ta ce za ta gwada.

Bayan kwana uku na tambaye ta.

Ta ce, "Yaya, na gwada fa. Kafin in tuna zan ɓata, hannuna ya riga ya gama."